Kafin Ki Tura Kuɗi: Wa Ya Tsaya Wa Sunan Da Ke Cikin Jerin?

A wannan makon za mu taɓo abin da kusan duk mai riƙe da babbar waya ta taɓa cin karo da shi, wato jerin sunayen masu sayar da kaya da ke yawo a guruf-guruf ɗin WhatsApp da Facebook da Telegram. Wasu kan sa masa suna "amintattun 'yan kasuwarmu", wasu su ce "waɗanda aka gwada aka gamsu". Za ki tarar an kasa shi kashi-kashi: masu atamfa da leshi da shadda, masu turaren wuta da humra, masu kayan kicin, masu zannuwan gado da labule, masu kayan jarirai, har da masu kilishi da dambun nama da yajin daddawa. A gaban kowane suna akwai gari da lambar waya, wani lokaci har da lambar asusu. Da zarar salla ko lokacin bukukuwa ya gabato, sai adimin ta sake turo shi ta maƙale a saman guruf.

Ba hukuma ce ta kafa wannan tsari ba. Mata ne suka ƙirƙiro wa kansu saboda sun gaji da cinikin biri a sama. Sayayya ta waya ta bunƙasa a Arewa lokacin kullen korona a 2020, da aka rufe kasuwanni da hanyoyi. Ta ƙara ƙarfi a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, har iyayenmu da ba su taɓa yarda da tiransifa ba suka koya dole. Manyan shagunan intanet irin su Jumia da Konga, waɗanda suka fara aiki tun 2012, suna da nasu tsarin karɓar ƙorafi da mayar da kaya. Sai dai yawancin cinikin gidajenmu ba ta can yake bi ba. Daga waya zuwa waya ake yin sa: ki ga kaya a sitatus, ki yi magana, a turo miki lambar asusu, ki tura kuɗi, ki zauna zaman jira. Babu rasit, babu wanda za ki kai wa ƙara.

Wannan giɓin jerin ya zo ya cike, kuma ya yi rana. Mace tana zaune a Azare ko Gusau ko Mubi, tana haɗa lefen ɗanta daga Kantin Kwari ba tare da ta hau mota ba. Bazawarar da ke haɗa turare a tsakar gidanta a Maiduguri ta samu masu saye a Kaduna da Abuja saboda an sa sunanta. Don haka ba kushe jerin na zo yi ba. Magana ɗaya ce nake so ta zauna mana: darajar jerin suna daidai take da darajar wadda ta tsaya a bayansa, da kuma irin kulawar da ake ba shi.

Dillaliya da fatoma

Sayen kaya daga nesa ta hannun amintacce ba baƙon abu ba ne a wajen Bahaushe. Kakanninmu da ke cikin kulle sun yi sayayya ba tare da sun taka kasuwa ba, ta hannun dillaliya mai shiga gida-gida da ƙunshin zannuwa da kwanuka da 'yan kunne. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro kuwa, gidan fatoma suke sauka. Shi zai ba su masauki, ya adana musu kaya, ya haɗa su da abokan ciniki. Wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda Hausawa ke sayar wa mahauta shanu bashi ta hannun mai gida. Idan mahauci ya ƙi biya, mai gidan ne ke ɗaukar nauyin kuɗin baƙonsa.

Ki lura da abin da ya haɗa su. Dukkansu suna cin la'ada, amma suna ɗaukar asara idan ciniki ya ɓaci. An san ƙofar gidan dillaliya. Idan zane ya yi zuba a wankin farko, yaro ake aikawa ya kira ta, ta zo ta yi bayani. Sunanta ne jarinta, kuma rana ɗaya yana iya ƙonewa.

Jerin zamani ya gaji rabin aikin dillaliya, wato haɗa mai saye da mai sayarwa. Ɗaya rabin, tsayawa idan an samu matsala, sau da yawa babu wanda ya gaje shi. A nan ne ya kamata mu raba abu biyu da muke cakuɗawa: shaida da lamuni. Mai shaida cewa take yi, "Na saya a wajenta, kayana sun iso." Mai lamuni cewa take yi, "Idan ba su iso ba, ni zan biya ki." Kusan duk jerin da ke yawo shaida ce kawai, amma mu kan tura kuɗi kamar an tsaya mana.

Tambayoyi uku

Kafin ki dogara da kowane jeri, ki nemi amsar abu uku.

Na farko, ta yaya suna ke shiga? A wasu guruf-guruf sai mambobi da dama sun sayi kaya sun shaida kafin a rubuta mutum. A wasu kuwa kuɗin talla ake biyan adimin, mako-mako ko wata-wata. Karɓar kuɗin talla ba laifi ba ne, ita ma adimin tana ƙona data da lokaci. Laifin shi ne a karɓi kuɗin talla sannan a rubuta "amintacciya" a saman suna. Allon talla daban, shaida daban. Akwai kuma sunan da ke shiga don kara, saboda ƙanwar miji ce ko ƙawar makaranta, alhali babu wadda ta taɓa sayen ko allura a wajenta.

Na biyu, yaushe aka duba shi na ƙarshe? Jeri yana tsufa kamar yadda magani ke lalacewa a cikin kwaba. Mai sana'a kan daina, ko ta yi aure ta bar gari, ko ta bar wa yaron shago ragamar waya. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfanin sadarwa kan sake sayar wa wani. Ke nan lambar da aka shaida shekara biyu da suka wuce tana iya kasancewa a hannun wanda bai taɓa ganin turmin atamfa ba. Duk jerin da ba ya ɗauke da kwanan wata, ki ɗauke shi tsohon labari.

Na uku, an taɓa cire wani? Ciniki ba ya rasa saɓani. Idan jeri ya shekara yana ƙaruwa ba a taɓa goge suna ko ɗaya ba, ba a taɓa jin an zauna an sasanta wani ƙorafi ba, to babu mai gadinsa. Ki kula kuma da guruf ɗin da adimin kaɗai ke iya magana, ko wanda ake goge saƙon duk wadda ta koka a kuma fitar da ita. A irin wannan wuri yabo kaɗai za ki gani, domin shi kaɗai aka bari ya kwana.

Yadda ɓarawo ke shiga ta ƙofar amana

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma 'yan damfara sun san inda bangon jerin yake tsagewa.

Hanya ta farko ita ce kwaikwayon shafi. A ɗauki hotuna da sunan mai sana'ar gaskiya, a buɗe wani shafin Instagram da ya bambanta da nata da harafi ɗaya ko ɗigo ɗaya. Ke kin ga sunan a jeri, kin je kin nemo shi da kanki, kin faɗa na jabu. Maganinsa shi ne ki bi ainihin lambar da ke cikin jerin, kuma ki duba tarihin shafin. A Instagram akwai wurin da ke nuna watan da aka buɗe shafi, da ƙasar da yake, da ko an taɓa sauya masa suna. Shafukan kasuwanci na Facebook ma suna nuna ranar da aka ƙirƙire su da sunayen da suka taɓa amsawa. Shafin da ke iƙirarin shekara biyar yana sana'a amma watan jiya aka buɗe shi, ya riga ya ba ki amsa.

Hanya ta biyu ita ce ƙwace WhatsApp. A kira mai sana'a a ce za a yi taron guruf ko rabon tallafi, a nemi ta karanto lambobi 6 da suka shigo mata ta saƙon tes. Tana karantawa, an ɗauke mata WhatsApp ke nan. Daga nan ɓarawo zai ci gaba da ciniki da sunanta, da hotonta, a cikin guruf-guruf ɗin da aka san ta, sai dai lambar asusun ce za ta sauya. Shi ya sa duk ranar da wadda kika saba da ita ta ce, "Asusuna na da matsala, tura ta wannan," ki dakata. Ki kira ta a layi, ba ta WhatsApp ba, ki ji muryarta. Duk mai sana'a da duk adimin kuma ya kamata ta kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp ɗinta, wato lambar sirrin da ita kaɗai ta sani.

Hanya ta uku ta fi ciwo, domin mai haƙuri ce ke yin ta. Za ta yi watanni tana aika ƙananan kaya a kan lokaci, mayafi yau, takalmi gobe, har a shaide ta a sa ta a jeri. Sai salla ta matso ta sanar da cewa za ta yi odar sari daga Chaina ko Dubai a farashin da ba a taɓa ji ba, kowa ya biya kafin ranar kaza. Guruf ɗin WhatsApp ɗaya yana ɗaukar mutum har 1,024. Ko kashi ɗaya cikin goma ne suka tura, ki lissafa abin da za ta tara kafin ta kashe waya. Shaidar ƙaramin ciniki ba ta isa hujjar babban ciniki ba. Wadda aka gwada da naira 10,000, a kan naira 10,000 aka san ta.

Ban da waɗannan, ki rage dogaro da hotunan yabon masu saye da ake lodawa a sitatus. Wayoyi biyu sun isa mutum ya yi hira da kansa ya ɗauki hotonta.

Abin da ya rage gare ki

Jeri ya rage miki wahalar nema, amma bincike yana wuyanki. Ki fara da neman wadda ta saya da kanta. Ki tambaya a guruf, "Wa ya sayi kaya a wajen wance a 'yan watannin nan?" Sannan ki bi wadda ta amsa ta gefe, domin abin da mutum zai faɗa miki ku biyu ya fi abin da zai rubuta a gaban jama'a. Ki tambaye ta me ta saya, kwana nawa ya yi a hanya, ko abin da ta gani a hoto shi ya zo.

Ki nemi a nuna miki kayan ta kiran bidiyo. A buɗe turmin, a juya bayansa, a nuna miki tambarin da ke bakin zanen. Hoto ana iya ɗauko shi daga ko'ina, amma wadda ba ta da kaya ba za ta iya ɗaga shi a gaban kyamara ba. Idan ta ce shagonta yana Kwari ko Sabon Gari ko Kofar Wambai, ki tambayi wane gida, wane layi, lamba nawa, ki sa wani ɗan'uwa da ke Kano ya leƙa. Gani ya kori ji.

Lokacin tura kuɗi, manhajar banki kan nuna sunan mai asusu kafin ki danna amincewa. Ki karanta shi da kyau, ki ga ko ya yi daidai da sunan da ke cikin jerin. Idan ta ce ta yi rajistar kasuwancinta, shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC yana ba da damar neman suna kyauta. Rajista ba ta nufin mutum ba zai ci amana ba, amma tana nufin akwai inda za a samo shi.

Ki fara da kaɗan. Idan kayan ɗakin naira 500,000 kike son haɗawa, kada ki zuba su a hannu ɗaya rana ɗaya. Ki sayi abu guda ki gani. A babban ciniki ki nemi a yi kafin alƙalami, a cika sauran idan kaya sun iso. Mai gaskiya na iya ƙin yarda, domin su ma masu sayarwa suna shan wuyar alat na bogi da masu fasa ciniki bayan kaya sun hau mota. To sai ku nemi tsaka-tsaki, kamar ajiye kuɗin a hannun wanda ku biyun kuka sani ido da ido. Idan ta tashar mota za a aiko, ki karɓi lambar direba da lambar mota da sunan tashar, ki kuma ajiye duk hirarku da shaidar biya har sai kin buɗe kayan kin gamsu.

Akwai kayan da shaidar guruf ba ta isar musu ko kaɗan: mayukan gyaran fata, magungunan ƙiba da na rage tumbi, kayan mata, da duk abin da za a sha ko a ba yaro. Mai shaida ta san kaya sun iso, kuma ta ga fatarta ta yi haske. Ba ta san abin da aka zuba a ciki ba, ba ta kuma san abin da zai yi wa ƙoda nan da shekara biyu ba. A nan lambar rajistar NAFDAC da shawarar likita ake nema. Yawan masu yabo ba ya maye gurbinsu.

Idan abin ya riga ya faru, kada kunya ta sa ki yi shiru. Ki sanar da bankinki a ranar, domin kuɗin sata ba ya kwana a asusu ɗaya. Ki kai rahoto wajen 'yan sanda da hujjojinki. Idan kuma da kasuwanci sananne ne kuka samu saɓani a kan ingancin kaya, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, tana karɓar ƙorafi. Sannan ki gaya wa adimin, don kada ta bayanki ta faɗa ramin da kika faɗa.

Ga masu riƙe da jeri

Hajiya adimin, kin ɗauki amana ko kin sani ko ba ki sani ba. Ki rubuta ƙa'idar shiga a fili. Ki raba masu biyan talla da waɗanda aka shaida. A gaban kowane suna ki sa watan da aka duba shi, da sunan asusun da aka san ta da shi, ki kuma sake bin jerin kafin kowace salla. Kada ki riƙe shi ke kaɗai. Ku zama uku ko fiye, yadda idan ƙorafi ya shafi 'yar'uwar ɗaya, sauran za su yi hukunci. Ki faɗa wa mambobi ƙarara cewa shaida kuke bayarwa, ba lamuni ba.

Adalci kuma yana da fuska biyu. Kamar yadda ake da jerin amintattu, haka ake da jerin "'yan damfara", kuma shi ya fi saurin yaɗuwa. Ana iya rushe sana'ar da mace ta shekara biyar tana ginawa, wadda da ita take biyan kuɗin makarantar marayunta, saboda mota ta lalace a hanya kaya sun yi jinkirin kwana uku, ko saboda kishiyar sana'a ta shirya mata tuggu. Jinkiri daban, rashin ingancin kaya daban, gudu da kuɗi daban. Kafin a saki hoton mutum, a ji ta bakinsa, a ba shi wa'adi, a ga hujja.

Wannan kariya ce gare ku ma. Nijeriya tana da dokar laifukan intanet tun 2015, kuma an sha amfani da ita a kan masu rubutu a kafafen sada zumunta. A 2023 an kama wata mata a Legas bayan ta rubuta ra'ayinta a Facebook a kan wani tumatirin gwangwani, maganar da ta kai har kotu ta kuma jawo ce-ce-ku-ce a faɗin ƙasa. Ko me mutum yake gani game da wannan shari'a, darasinta a fili yake: ki faɗi abin da ya faru da ke, da kwanan wata da adadin kuɗi da shaidar biya, ki bar zagi da ƙari. Kada kuma a haɗa da adireshin gidan mutum ko hotunan 'ya'yansa.

Kuɗin gida ne

Kuɗin da ke salwanta a irin wannan ciniki ba rarar kuɗi ba ne. Kuɗin adashi ne da aka shekara ana zubi, ko na lefe da dangi suka harhaɗa, ko na kayan sallar yara da maigida ya bayar yana ganin an gama magana. Idan suka tafi, sukan tafi da zaman lafiyar gida. Mace ta ɓoye wa mijinta, ta ci bashi don ta cike gurbi, bashin ya haifi wani. Ko zumunci ya yi tsami, domin yaya ce ta turo jerin, ƙanwa ta yi asara.

Saboda haka maigida, idan aka zo maka da shawarar babbar sayayya ta waya, ka zauna ku duba tare. Idan kuma an riga an yi asara, faɗa ba ya dawo da kuɗi, sai dai ya koya wa iyali ɓoye na gaba. Ke kuma mai tura jeri daga wannan guruf zuwa wancan, ki sani duk wadda ta karɓa daga hannunki da sunanki ta karɓa. Idan mutum biyu kawai kika sani a ciki, ki ce biyun nan na sani, sauran ban gwada su ba.

Abu na ƙarshe: yawancinmu ci muke yi daga jerin, ba ma zuba komai. Kaya su iso lafiya mu yi shiru, sai an cuce mu a ji muryarmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk lokacin da kika yi ciniki, ko ya yi daɗi ko bai yi ba, ki koma ki rubuta layi biyu: abin da kika saya, ranar da kika biya, ranar da ya iso, da yadda kika same shi. Da irin waɗannan layukan ne wadda za ta tura kuɗinta gobe za ta san inda take sa ƙafa.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.